Zangon Tsuntsaye a Tsohuwar Tashar Jiragen Ruwa ta Landan

 

A gabashin birnin Landan na ƙasar Ingila, daf da inda ƙaramin kogin Li yake zuba ruwansa cikin kogin Tamis, akwai wani ɗan tabki da dogayen benaye suka yi wa ƙawanya. Masu wurin suna kiransa East India Dock Basin, wato tabkin tashar jiragen ruwa ta Gabashin Indiya. Ƙanƙantarsa ta kai mutum ya zagaye shi da ƙafa bai ci rabin sa'a ba. Jirgin ƙasa yana ratsawa ta kusa da shi, jiragen sama masu sauka a filin jirgi na cikin gari suna bi ta kansa, a tsallaken kogi kuma ga katafaren zauren nan mai kama da kifaffiyar ƙwarya, wanda aka gina don bikin shiga shekarar 2000. Duk da wannan hayaniya, tsuntsaye iri-iri sun mai da wurin zangonsu, kuma wasu daga cikinsu rabin shekara kaɗai suke yi a can, sauran rabin a Afirka ta Yamma suke yinsa. Wannan ne dalilin da ya sa muka ga ya dace mu kawo wa iyalanmu labarin wurin, domin tsuntsun da aka ƙyanƙyashe a can, ruwanmu yake sha in sanyi ya koro shi.

Daga shayi da kanumfari zuwa kufai

An buɗe wannan tasha a shekarar 1806 domin jiragen Kamfanin Gabashin Indiya, kamfanin nan na Turawan Ingila da ya fara da ciniki, ya ƙare da mulkin mallaka a ƙasar Indiya. Yadda ake gina irin wannan tasha shi ne a haƙa manyan ramuka a gefen kogi, a ɗaure bangonsu da tubali da dutse, a yi musu ƙofofi masu riƙe ruwa, ta yadda jirgi zai shiga ya tsaya ana sauke masa kaya ko da ruwan kogi ya janye. A nan aka riƙa sauke ganyen shayi, da alharini, da kayan yaji, da shuni irin wanda marinanmu suka sani. Cikin matuƙan da suka yi bauta a waɗannan jirage akwai Musulmi masu yawa daga Bengal, daga baya kuma wasu suka zo daga Yaman da Somaliya, kuma suna cikin Musulmin farko da suka zauna a gabashin Landan. A ƙidayar jama'a ta 2021, kusan mutum 40 cikin 100 na ƙaramar hukumar Tower Hamlets, inda tabkin yake, Musulmi ne, kuma babu wata ƙaramar hukuma a Ingila da ta kai ta a wannan.

Zamani riga ne, in ji masu magana. A Yaƙin Duniya na Biyu bama-bamai suka lalata wani sashe na tashar, aka gina gidan wutar lantarki a gurbinsa. Sa'an nan jirage suka ƙara girma, aka kuma koma ɗaukar kaya cikin kwantena, abin da tsofaffin tashoshin cikin gari ba su da zurfi ko filin da za su iya da shi. A 1967 aka rufe tashar Gabashin Indiya, kafin ƙarshen 1981 kuma duk sauran tashoshin cikin Landan sun bi sahu, ciniki ya koma Tilbiri, can wajen bakin teku. Dubban ƴan dako da ma'aikata suka rasa abin yi, unguwanni suka zama kufai.

A 1981 ɗin gwamnati ta kafa hukumar da za ta raya yankin. Aka gina dogayen benayen bankuna a Canary Wharf, aka cike mafi yawan babban ramin tashar Gabashin Indiya da ƙasa, aka dasa ofisoshi da gidajen na'urorin intanet a kai, har aka raɗa wa titunan sunayen kayan yaji, akwai ma wanda sunansa titin Kanumfari. Abin da ya tsira shi ne ɗan tabkin mashiga, inda jirgi kan jira kafin a buɗe masa ƙofar ciki. A yau yana hannun hukumar gandun kwarin Li, wani dogon gandun shaƙatawa mai kimanin kilomita 40 da ya biyo kogin Li daga arewa, kuma tabkin nan shi ne ƙarshensa na kudu. Shiga kyauta ne ga kowa.

Arzikin da ke cikin laka

Mai karatu zai iya tambaya: me tsuntsu zai samu a ramin da aka haƙa don jirgi? Amsar tana cikin laka. Tamis kogi ne da teku ke shiga cikinsa. Sau biyu a kowane yini da dare, da ikon Allah ta sanadin jan da wata yake yi wa ruwan duniya, teku takan turo ta cika kogin, sa'an nan ta janye, kuma a wannan yanki bambancin cika da janyewa yakan kai mita 6 ko fiye. In cikar ta yi ƙarfi, ruwa yakan shiga tabkin ɗauke da ɓurɓushin ƙasa, ya kwanta, ya bar shi a nan. Shekara da shekaru ana haka, ba jirgin da ke shiga balle a yashe masa hanya, sai laka ta taru ta yi tudu a gefe-gefe.

Ruwan gaurayen na kogi da na teku ne, mai ɗan gishiri-gishiri, kamar na wasu rijiyoyinmu masu kanwa. A cikin lakarsa tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi da wasu ƙwari masu kama da jatan lande suke hayayyafa, a bakinsa kuma dogayen karan ruwa suka tsiro, tare da ciyayin da ke jure gishiri, waɗanda ba kasafai ake ganinsu a tsakiyar birni ba. Akwai kuma ɗan kurmi da filin ciyawa a gefe. Ke nan a ɗan wannan fili akwai ruwa, da laka, da kara, da itace, da tsohon bango mai ramuka, kuma kowane ɗaya yana da tsuntsun da yake nemansa.

Amma da kogin bai warke ba, da duk wannan bai yi amfani ba. A 1957 masana sun bayyana cewa sashen Tamis da ya ratsa Landan ya mutu, saboda ƙazantar masai da ta masana'antu ta cinye iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa. Aka ɗauki shekaru ana gyara manyan matatun ruwan ƙazanta, aka kafa dokoki a kan masana'antu, sannu a hankali rai ya dawo. Yanzu an ƙirga kifi fiye da iri 100 a kogin, kuma a 2025 aka kammala haɗa wani ƙaton bututu mai tsawon kilomita 25 a ƙarƙashinsa, domin ya tare ƙazantar da kan malala cikinsa in an yi ruwan sama mai yawa. Da kifi ya dawo, masu cin kifi suka biyo shi.

Baƙin hunturu

Daga watan Oktoba zuwa Maris, lokacin da sanyi ke daskarar da tabkunan arewacin Turai da Rasha, mafi shaharar baƙin wurin ita ce wata ƙaramar agwagwa da Faransawa ke kira sarcelle d'hiver. Ita ce mafi ƙanƙanta cikin agwagin Turai, nauyinta bai wuce na tattabara ba sosai. Namijin yana da kai ja-ja mai ratsin kore daga ido zuwa ƙeya, macen kuwa ruwan ƙasa ce mai ɗige-ɗige, kalar da ke ɓoye ta in tana kwance a kan ƙwai. Sukan bi bakin laka suna tace ta da baki, suna tsintar ƴaƴan ciyawa da ƙananan ƙwari. A wasu ranakun sanyi akan ƙirga fiye da ɗari a wannan ɗan tabki, suna kaiwa da komowa tsakaninsa da bakin kogin Li gwargwadon cikar ruwa da janyewarsa.

Tare da su akan ga wata babbar agwagwa fara mai baƙin kai da jan baki, mai ɗamara ruwan goro a ƙirji, wadda sunanta da Faransanci tadorne de Belon. Abin mamaki game da ita shi ne a rami take yin ƙwai, ko na zomo ko wani lungu a ƙarƙashin gini, in ta ƙyanƙyashe kuma ta jero ƴaƴanta a ƙafa har bakin ruwa. Ga kuma zalɓe, irin wanda muka sani a fadamunmu, yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai dogon tunani, da baƙin tsuntsun nan mai nutso da ake kira cormoran, wanda in ya gama kamun kifi yakan hau kan tsofaffin turakun jirage ya baje fukafukai ya shanya su, domin gashinsa yana jiƙewa, ba kamar na agwagwa ba. Mai sa'a kuma yakan hangi martin-pêcheur, ɗan ƙaramin masunci mai shuɗin baya da jan ciki, yana wucewa daf da ruwa kamar an harba kibiya.

Baƙin da suke zuwa daga wajenmu

In watan Afrilu ya kama, lokacin da mu nan muke fama da zafin bazara, su kuma can itatuwa suke fara toho, ƙananan agwagin nan sukan koma arewa, sai wasu baƙin su iso daga kudu. Waɗannan su ne namu.

Ta farko ita ce tsattsewar teku, sterne pierregarin, fara mai toka-tokan baya, da baƙar hula, da jan baki, da wutsiya mai rassa biyu. Takan tsaya a sama tana kaɗa fukafukai a wuri ɗaya, in ta hangi ɗan kifi ta faɗa masa da ka. Ba ta saƙa sheƙa. A kan tsakuwa take zuba ƙwai biyu ko uku, ta kwanta musu kamar mako uku. Da yake a birni babu tsibirin tsakuwar da dila da karnuka ba za su kai gare shi ba, sai masu kula da tabkin suka yi dabara, suka haɗa katakai masu yawo a kan ruwa, suka zuba musu tsakuwa, suka ɗaure su a tsakiya, kuma tsuntsayen sun karɓi wannan masauki sun yi ƙwai a kai. In kaka ta yi sukan bi gaɓar teku su gangaro Senegal, da Gini, har Ghana, tafiyar da ta haura kilomita 5,000. Ƴaƴan da aka ƙyanƙyashe sukan zauna a gaɓar Afirka shekara guda ko biyu kafin su fara komawa, kuma tsattsewar teku tana iya rayuwa fiye da shekara 20 tana wannan fatauci.

Akwai wani abin lura a nan. Layin Girinwic, wanda masana taswira suke fara ƙirga gabas da yamma daga kansa, yana wucewa ƴan taku kaɗan yamma da tabkin. Wanda ya bi shi ya miƙe kudu zai ratsa Faransa da Sipaniya da Aljeriya, ya bi ta Gawo a ƙasar Mali, ya ƙetare Burkina Faso, ya faɗa teku a Tema ta ƙasar Ghana, wadda ita ma tashar jiragen ruwa ce, kuma a bakin ruwanta ake ganin tsattsewar teku a watannin da ta bar Turai.

Na biyu shi ne mawaƙin kara, rousserolle effarvatte, ɗan tsuntsu ruwan ƙasa wanda an fi jin muryarsa a kan ganinsa. Nauyinsa kamar giram 12 ne, wato bai kai ƙwayar goro babba ba. Yakan saƙa sheƙa mai zurfi kamar ɗan kwando, ya ɗaure ta a jikin kara uku ko huɗu, yadda ko iska ta kaɗa karan ƙwai ba zai zube ba. Shi da ɗan'uwansa phragmite des joncs ƙwari suke ci, kuma kafin su taso sukan ci su tara kitse, har na biyun yakan kusa ninka nauyinsa, domin wannan kitse shi ne guzurin ƙetare teku da Sahara. Da dare suke tafiya. Duk wanda ya san abin da hamada take yi wa raƙumi da mota, sai ya yi tasbihi in ya tuna cewa abin da bai cika tafin hannun yaro ba yana ƙetare ta sau biyu a shekara.

Ta uku ita ce tsattsewar gaɓa, hirondelle de rivage, ƴar ƙarama mai farin ciki da ratsi a wuya. A daji takan haƙa rami a gaɓar kogi mai yashi, a birni kuwa takan wadatu da ramukan magudanar ruwa da ke jikin tsofaffin bangaye. Na ƙasar Ingila sun fi sauka a fadamun kogin Senegal da na kogin Kwara a Mali, danginsu na tsakiyar Turai kuma su ne suka fi zuwa tabkin Cadi da fadamun Haɗeja da Nguru.

Masu son kango da masu son bene

Akwai kuma waɗanda birnin kansa ne ya jawo su. Ɗan tsuntsun nan baƙi-baƙi mai jar wutsiya da kullum take rawa, rougequeue noir, asalinsa na duwatsu ne. Ya yaɗu a Landan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, domin gidajen da bama-bamai suka rusa sun yi masa kama da tsaunukansa, daga baya kuma ya koma tashoshin jiragen da aka yi watsi da su. Waɗanda suke ƙwai a duk ƙasar ba su kai ma'aurata 100 ba, don haka da aka fara share kangaye ana gina benaye, sai masu kishin tsuntsaye suka matsa wa magina lamba su riƙa zuba tsakuwa da ɓaraguzai a kan rufin sababbin gine-gine, a bar ciyawa ta tsiro, domin ya sami madadin abin da aka ƙwace masa. Akan gan shi jefi-jefi a bakin tabkin.

Shaho kuwa, wanda Faransawa ke kira faucon pèlerin, wato shaho mahajjaci, ya kusa ƙarewa a Ingila a shekarun 1960 saboda maganin ƙwari na DDT, wanda yake sa ɓawon ƙwansa ya yi laushi ya fashe. Da aka hana amfani da maganin sai ya farfaɗo, ya shigo birni, ya mai da dogayen benaye tsaunukansa, tattabarun gari kuma abincinsa. In ya dunƙule ya faɗo wa abin farauta, gudunsa yakan wuce kilomita 300 a sa'a, kuma ba a san wata halitta mai rai da ta fi shi sauri ba.

Abin da ya ci Doma

A watannin Afrilu da Mayu na 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Ingila suka lura cewa wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, fauvette grisette, wanda a da yake ko'ina, bai dawo ba sai kaɗan. Fiye da kashi biyu cikin uku sun ɓace a shekara guda. Aka yi ta bincike a gida ba a ga dalili ba, sai daga baya aka gane cewa ƙarancin ruwan daminar 1968 a yankin Sahel ne ya kashe su. Wannan shi ne mafarin farin da ya kai mu ga yunwar 1973 da 1974, wadda dattawanmu ba su manta ba. Tsattsewar gaɓa ita ma ta faɗi a wannan lokaci, ta sake faɗuwa a farin 1984. A waɗannan shekaru ne tabkin Cadi, wanda a farkon shekarun 1960 ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, ya tsuke ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma, a watan Yuni na 1985 kuma kogin Kwara ya daina gudu a Yamai. Farin da ya kashe mana shanu shi ya sa karan ruwan Ingila suka yi tsit. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ta yaya aka san inda tsuntsu yake zuwa? Ta hanyar zobe. Wani malamin makaranta ɗan ƙasar Danmak, mai suna Mortensen, shi ya fara sa wa tsuntsaye ɗan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa a 1899, aka fara yin haka a Ingila a 1909. In aka sami tsuntsun a wata ƙasa aka aika da lambar, sai a san hanyarsa da shekarunsa. Wannan zobe ba asiri ba ne, ba kuma na'urar leƙen asiri ba ce, kamar yadda wasu suke zato a karkara.

Zoben ne ya nuna cewa ana kama tsattsewar teku da yawa a gaɓar Ghana, inda yara kan ɗana musu tarko da ɗan kifi. A 1985 gwamnatin Ghana da ƙungiyoyin kare tsuntsaye suka fara wani shiri na ceton tsuntsayen bakin teku, musamman wata ƴar'uwar tsattsewar teku da ta yi ƙaranci ƙwarai, kuma babban makaminsu shi ne ƙungiyoyin ɗalibai a makarantu, inda aka riƙa koya wa yara daga ina tsuntsun ya fito da irin tafiyar da ya sha.

Riƙon zango aiki ne

Kada mai karatu ya ɗauka tabkin Landan ya tsira ke nan har abada. Lakar da ta raya shi ita ce kuma take neman shaƙe shi, domin kowace shekara tana ƙaruwa, ruwa yana raguwa. In ta yi yawa, masu tsintar laka za su ji daɗi na ɗan lokaci, masu kamun kifi su rasa, a ƙarshe wurin ya zama tudu. Yashe ta kuwa kuɗi ne masu yawa. Ga benaye suna ƙara matsowa, ga fitilun dare, ga karnukan masu yawo, ga robobin da kogi ke kwasowa. Fili a wannan yanki yana cikin mafi tsada a duniya, saboda haka duk shekarar da tabkin ya ƙara yana nan, akwai mutanen da suka tsaya masa: ma'aikatan gandu, da ƴan sa-kai masu yanke kara da kwashe shara, da masu zuwa da asuba suna rubuta abin da suka gani.

Mu Hausawa ba sai an yi mana bayanin zango ba. Kakanninmu fatake sun san cewa tafiyar Gwanja ba ta yiwuwa sai da wurin da za a sauke kaya, a sha ruwa, a kwana cikin aminci, kuma da yawa daga cikinmu a unguwannin da ake kira Zango aka haife mu. In zango ɗaya ya mutu a hanya, ayarin duka ne yake shan wuya. Tsuntsu mai ƙaura haka yake. Ɗan tabkin Landan zango ne, tabkin Madarunfa da na Tabalak zango ne, fadamun Waza da Lagon a Kamaru zango ne, haka ma kududdufin bayan unguwa da muke zuba wa shara da ruwan wanki, ko muke cikewa mu yanka filaye. Gandun itatuwan da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965 shaida ne a kan yadda gine-gine suke cin irin waɗannan wurare in ba mai tsaya musu. Kuma kududdufin da aka cike, ruwan da yake tarewa ba ya fasa zuwa. Gidajenmu yake shiga da damina.

Addininmu bai yi shiru a wannan fage ba. Aya ta 38 ta Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. Ya zo a hadisi cewa wasu sahabbai sun ɗauke ƴaƴan wata ƴar tsuntsuwa a wata tafiya, uwar ta zo tana shawagi cikin damuwa, Manzon Allah (SAW) ya umarce su da su mayar mata da ƴaƴanta. Ya kuma koyar da cewa wanda ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko dabba ko tsuntsu ya ci, yana da ladan sadaka. Shi ne kuma ya keɓe wurin da ake kira Naƙi'i kusa da Madina ya zama hurumi. Farauta don abinci halal ce da sharuɗɗanta, amma kashe mai rai don wasa abin hani ne. A al'adarmu ma, wa ya taɓa ganin an jefi shamuwa? Tana zuwa da albishirin damina, ta yi sheƙa a tsakiyar gari, ba mai taɓa ta.

Mun san manomi yana da kukansa, domin jan baki yakan share gonar gero cikin yini guda. Sai dai baƙin da muka lissafa a sama ba su cikin wannan laifi: kifi da ƙwari da sauro su ne abincinsu. Don haka muna kira ga iyaye da malaman makarantun allo da na boko su koya wa yara bambancewa, su hana su harbin kowane tsuntsu da danƙo don nishaɗi, da kwashe ƙwai daga sheƙa. Wanda ya tsinci tsuntsu mai zobe, ya rubuta lambar da ranar da wurin, ya kai wa ma'aikatan gandun daji. In tsuntsun yana da rai, ya sake shi da zobensa. Kwamitocin masallatai da na unguwa kuma su sa baki in aka zo rabon fili a bakin tabki, su nemi magajin gari ya bar wa ruwa wurinsa, su kuma sa ranar gayya ta kwashe shara daga bakinsa. Iyali su fita da yara bayan sallar asuba a watan Nuwamba ko Disamba, su zauna nesa kaɗan da ruwa, su ƙirga iri nawa za su gani. Babu kuɗin da wannan zai ci.

Mutanen Landan sai da suka kashe koginsu, suka kuma kashe dukiya mai yawa da shekaru masu yawa kafin su ga ya farfaɗo. Mu da yawancin tabkunanmu suke da sauran rai, rigakafi ya fi mana sauƙi a kan magani. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar da ya ɗora mana a bayan ƙasa, ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu zama masu jin ƙan halittunsa domin shi ma ya ji ƙanmu. Amin.